Yadda ake rubuta labarin 'yan sakandaren da girma ya riska tun ba su shirya ba

Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo min babi uku na littafin da ta fara, ta ce in duba mata. Labarin wata yarinya ce 'yar aji biyar. Kafin in kai shafi na goma yarinyar ta riƙe babbar waya, ta yi saurayi mai mota, ta fara shan kodin, har ta yi ciki. Na tambaye ta shekarun yarinyar, ta ce sha shida. Na ce mata ni ban ga 'yar sha shida a nan ba, 'yar talatin na gani an sa mata kayan makaranta. Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan, shi ya sa za a ji ina cewa "ki", amma namiji mai rubutu ma da shi nake.

Na daɗe ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kuma abin da idona ya gani shi ne yaran da girma ya faɗo wa ba sa daina zama yara. Nauyin ne na manya, amma kan da ya ɗauka na yaro ne. Duk matakan nan a kan wannan suka tsaya.

Mataki na ɗaya: zaɓi kaya ɗaya ki ɗora mata

Girman dole iri-iri ne. Akwai yarinyar da uwarta ta kwanta ciwo, ita ce babba, girki da wanki da rainon ƙanne suka dawo kanta. Akwai yaron da mahaifinsa ya rasu, da an tashi daga makaranta sai shagon cajin waya ko garejin da yake koyon aiki, da kuɗin da ya samo ake awo. Akwai wadda aka sa wa rana tana tsakiyar karatu. Akwai wanda abokai suka ja cikin shaye-shaye ko daba. Akwai kuma wadda babu abin da ya same ta a gida, waya ce ta nuna mata rayuwar da ta fi ƙarfinta, ta shiga kwaikwayon manya.

Ɗaya za ki zaɓa. Kuskuren ƙanwata shi ne ta kwaso duka ta jibga wa mutum ɗaya, labarin ya koma jerin masifu. Mai karatu ba ya iya tausaya wa abu biyar a lokaci guda. Da ya ga masifa ta uku zuciyarsa ta bushe.

Sannan ki tambayi kanki: ɗora mata aka yi, ko ita ta ɗauka? Labarin da ya fi kama zuciya shi ne wanda ya haɗa biyun. An ɗora mata rabi, ita kuma ta ƙarasa ɗaukar sauran don tana jin daɗin a ce da ita "ai ke babba ce". Rubuta wannan a jimla ɗaya ki manna a gaban littafinki. Misali: Walida, 'yar sha biyar, tana ɓoye wa makaranta cewa ita ke riƙe da gidansu tun da mahaifiyarta ta kwanta, don tana tsoron dangin uba su raba ta da ƙannenta. Da wannan Walida da na ƙirƙira zan riƙa ba da misali har ƙarshe.

Mataki na biyu: kafa shekara, aji da kalanda

Tsakanin ɗan sha uku da ɗan sha bakwai akwai tazara mai nisa, don haka kada ki ce "matashiya" kawai ki wuce. A Najeriya sakandare shekara shida ce, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, kuma kowane aji da irin fargabarsa. 'Yar aji uku tana fuskantar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kuma a gidaje da yawa daga nan ake fara cewa karatun ya isa haka. 'Yar aji huɗu an raba su, wasu kimiyya, wasu fasaha, wasu kasuwanci, ƙawaye sun rabu. A Kano 'yan aji biyar na makarantun gwamnati suna rubuta jarrabawar tantancewa da ake kira kwalifayin, wadda sakamakonta ke nuna waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Ga yarinya irin Walida, faɗuwa wannan jarrabawa na iya zama ƙarshen karatu. 'Yan aji shida kuwa ga JAMB, ga WAEC wajen Mayu da Yuni, ga NECO a bayanta, ga neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. In makarantar Arabiyya ce, NBAIS ce a gabansu. In kuma labarinki a Maraɗi ko Damagaram yake, ki sani tsarin daban ne: BEPC ake yi a ƙarshen kwaleji, wato ƙaramar sakandare, Bak a ƙarshen lise, wato babbar sakandare, da Faransanci ake karatun.

Ki zaɓi takamaimiyar shekara, domin duniyar yaran tana sauyawa da sauri. A Maris 2020 aka rufe makarantu saboda korona, har WAEC ta wannan shekarar sai a Agusta aka fara ta. Watannin nan na zaman gida sun mayar da yara da yawa kasuwa, wasu ba su dawo ba. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi, a ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi, yaran da ke hawa suka koma takawa a ƙasa. Yarinyar da ke makara kullum a 2024 tana da dalilin da ta 2014 ba ta da shi.

Ki zana zango uku na shekarar karatu a takarda, daga Satumba zuwa Yuli, ki sa inda azumi ya faɗo a shekarar da kika zaɓa, da lokacin sanyi, da lokacin zafi, da saukar damina. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan littafin.

Mataki na uku: je ki ji da kunnenki

Makarantar da kika yi shekara goma da suka wuce ba ita ce ta yau ba. Ki nemi ƙanne da 'ya'yan maƙwabta ki yi hira da su, da sanin iyayensu. Kada ki tambaye su matsalolinsu, ba za su faɗa ba. Tambaye su abin da ake sayarwa a bakin get lokacin tara, nawa ake yanka awara, wane malami ake tsoro, wane suna suka laƙaba masa, ina ake ɓoye waya ranar bincike. In 'yan kwana ne, tambayi yadda ake zama 'yar ɗakin siniya, me ake ci ranar da gabza ta gagara, yaya kwaɗon kanzo da garin kwaki ke ƙarewa kafin ranar ziyara, wa ke kwana kusa da ƙofa. Daga irin wannan hira sauran maganar ke fitowa da kanta.

Abin da yarinya ta faɗa miki a asirce amana ce. Ki ɗauki yanayin, ki bar labarin. Kada ki rubuta abin da 'yan unguwa za su karanta su ce ai wance ce.

Mataki na huɗu: bar mata yarintarta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Da mun ɗora wa yarinya nauyi sai mu ba ta hankalin manya da kalaman manya, ta riƙa magana kamar mai wa'azi. Yaro ba haka yake ba. Yana iya yin aikin babba da safe, da yamma ya yi kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai wata ɗaliba da ba na mantawa. Kullum a darasin farko barci take, na sha yi mata faɗa. Wata rana ta miƙo littafinta, na ga yatsunta duk sun yi fari sun tattare, irin na wanda ya daɗe da hannu a ruwa. Ashe tun kafin asuba take wankin ƙwadago kafin ta taho. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne bangon littafin: ta cika shi da zanen furanni irin na lalle, da biro ja da shuɗi, kowane ganye an zauna an ƙawata shi. Hannun da ya yi wankin shi ne ya yi zanen. In kin iya sa waɗannan abubuwa biyu a shafi ɗaya, kin rubuta labarin.

To ga yadda za ki yi. A kowane babi ki ba Walida abu ɗaya na manya da abu ɗaya na yara, ki bar su su yi karo. Ta je kemis sayen maganin Umma, ta yi ciniki kamar tsohuwar 'yar kasuwa har aka rage mata, canjin ya rage naira ɗari. A hanya ta tsaya gaban mai alawar madara. Ta san ɗarin nan ta gishiri ce. Ta saya, ta shiga lungu ta shanye ita kaɗai, ta goge bakinta da gefen hijabi, ta koma gida ta ce canji bai ragu ba. Daren nan ta kasa barci saboda ƙaryar. Ba ki buƙatar rubuta cewa "Walida yarinya ce da aka hana yarinta". Alawar ta faɗa.

Ki ba ta abin da take so wanda bai shafi matsalarta ba ko kaɗan: son a zaɓe ta a muhawarar makaranta, kishin ƙawarta da ta yi sabuwar ƙawa, takalmin da ta gani a ƙafar wata. Ki ba ta kuma kuskuren fahimta irin na shekarunta. Tana ganin in ta ɓoye ciwon Umma na zango ɗaya komai zai daidaita. Mai karatu babba ya san ba haka ba ne, wannan sanin ne zai riƙa matse masa zuciya. Kuma ki bar ta ta yi laifi na gaske. Ta mari ƙaninta don gajiya, ta ji haushin uwarta da ke kwance, ta tsani kanta don ta ji haushin. Yarinyar da ba ta taɓa gajiya da haƙuri ba, babu ɗalibar da za ta yarda da ita.

Mataki na biyar: murya da zance

Yanke shawara tun farko: da bakinta za ta ba da labarin, ko ke za ki bayar kina tsaye a kafaɗarta? Ga irin wannan labari na fi son na farko, domin yana hana marubuciya kutsowa da nata ra'ayin. Sai dai yana da sharaɗi: ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. In ana maganar aurenta a ɗakin kawu, sai dai ta tsinci rabin zancen tana kai ruwa.

Zancen yara gajere ne, suna katse juna, suna kewaye abin da ke cin su. Kuma yadda suke kiran mutane yana nuna komai. Ga malama "Malama" ko "Anti", ga wa "Yaya", ga siniya "Siniya wance", ga ƙawa "ke" ko "ƙawas". 'Yar fari a gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunanta saboda alkunya. Ki duba abin da za ki iya yi da wannan kaɗai:

"Ke, kin ci abinci kuwa?"
"Na ci, Umma."
"Me kika ci?"
"A makaranta na ci."
Umma ta daɗe tana kallon tukunyar. Sannan a hankali ta ce, "Walida." Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Turancin da yara ke cusawa a magana ki sa kaɗan, inda dole ne, ki rubuta shi yadda suke furtawa. Kalmomin yayi kuwa ki yi hattara, kafin littafin ya fito sun tsufa.

Mataki na shida: manyan da ke cikin labarin

Kada ki huta da muguwar kishiya da azzalumin kawu. Yawancin yaran da na sani ba mugunta ce ta ɗora musu nauyi ba, rashi ne da gajiya da kunya. Uban da ya ce a bar karatu wataƙila ya kwana uku yana lissafi. Malamar da ta yi wa Walida bulala don makara tana da ɗalibai fiye da yadda za ta iya riƙe sunayensu. Ki ba kowane babba dalilin da shi kansa ya yarda da shi. Ki sa kuma mutum ɗaya da ya lura, ko da mai gadin makaranta ne da ke buɗe mata ƙaramar ƙofa ba tare da ya tambaye ta komai ba. Amma kada ya zama shi zai warware matsalar. Taimakonsa ya tsaya iya ƙarfinsa.

Mataki na bakwai: jera labarin a kan zango uku

Ɗauko takardar kalandarki. A zangon farko nauyin ya sauka, Walida tana ganin za ta iya, har tana alfahari. A na biyu farashin ya fara fitowa: maki ya faɗi, ƙawa ta yi fushi don an ƙi gaya mata gaskiya, ƙarya ta haifi ƙarya. A na uku a kai ta inda dole ta zaɓa tsakanin abu biyu da take so, kuma kowanne ta ɗauka ta rasa ɗayan. Ranar kwalifayin ce, jikin Umma ya tashi da asuba. Zaɓin ya zama nata, ba haɗarin mota ko wani attajiri da ya faɗo daga sama ba.

In a WhatsApp ko Wattpad kike sakin labarin shafi-shafi, ki gama tsara shi kafin ki saki na farko. Masu karatu za su yi ta roƙon a kawo saurayi mai kuɗi, in ba ki da tsari za su karkatar da ke.

Mataki na takwas: abubuwa masu nauyi

Za ki iya taɓa fyaɗe, cikin shege, ƙwaya, auren wuri, domin suna faruwa, kuma yaran sun sani. Amma jarumarki yarinya ce. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Kada ki siffanta jikinta yadda zai tayar da sha'awa, kada ki shiga ɗaki da mai karatu. Rufe ƙofa, ki nuna washegari: yadda ta kasa haɗa ido da kowa, yadda ta daina cin abinci. Na ga rubuce-rubuce a waya da ke fakewa da faɗakarwa suna sayar da batsa da sunan 'yan makaranta, kuma abin yana ƙona min rai, domin 'yan makarantar ne ke karantawa a ƙarƙashin bargo. Irin wannan zargi ne ya sa a 2007 aka ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a Kano, mai kyau da marar kyau duk aka yi musu kuɗin goro.

In shaye-shaye ne, ki san tarihinsa. A Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, don haka yadda ake samunsa kafin nan da bayan nan ba ɗaya ba ne. Kada ki rubuta adadi ko yadda ake haɗawa. Nuna abin da ya ci wa yaron, ba hanyar da zai bi ba.

In kuma za ki taɓa satar ɗalibai, ki tuna Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021 ba tatsuniya ba ne, da yawa daga cikin yaran da iyayensu suna raye. Ƙirƙiri garinki da makarantarki. Sau da yawa ma labarin da ba a ba da ba shi ne na waɗanda ba a sace ba, aka rufe makarantarsu ta kwana, suka koma gida, aka ce tunda ga su zaune gara a yi musu aure.

Mataki na tara: rufewa

Mun saba rufe littafi da nadama, ko mutuwa, ko aure, sai marubuciya ta fito ta jero darussa. Ɗan sha shida yana jin ƙamshin wa'azi tun daga nesa, da ya ji kuwa ya ajiye. Ki tsaya a kan wani abu da ido zai gani. Walida ta rasa jarrabawar, asiri ya tonu, gwaggo ta zo ta zauna da su. Da safe ta farka a firgice za ta hura wuta, ta tarar an riga an hura. Ta tsaya a tsakar gida da hannuwanta, ba ta san me za ta yi da su ba. Abin da ta rasa ba zai dawo ba, amma ki bar mata ƙofa ɗaya a buɗe, ko da maimaita aji ne.

Mataki na goma: gyara da fitarwa

Ajiye rubutun mako biyu. Da kin dawo, karanta shi da ƙarfi, ki ja layi a duk inda yarinyar ta faɗi abin da sai mai shekara arba'in zai faɗa, ki goge. Gyara ƙa'idar rubutu: ɓ, ɗ, ƙ da 'y su zauna a wurarensu, a raba "ya ce" da "ta ce", kada a haɗe su. Sannan ki ba mutum uku: malami ko malamar sakandare, uwa mai 'ya'ya matasa, da ɗaliba ɗaya mai shekarun jarumarki, da izinin iyayenta. Ɗalibar kada ki tambaye ta ko ya yi daɗi, kunya za ta sa ta ce e. Ba ta fensir ki ce ta yi alama a inda ta ji ta gaji, da inda ta ce a ranta "ba ma faɗin haka".

Wajen fitarwa, in gajere ne akwai gasar Hikayata da BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016, sai ki duba ƙa'idojin shekarar da za ki shiga. In dogo ne, ki kai babi ɗaya zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA a jiharku ki ji abin da za a ce kafin ki kai maɗaba'a ko ki ɗora a intanet. A bangon littafin, ko a saman shafin farko in a waya ne, ki rubuta shekarun da ya dace a fara karanta shi, ki kuma ambaci in akwai fyaɗe ko shaye-shaye a ciki, domin uwar da za ta miƙa wa 'yarta ta san abin da take miƙawa.